Ƙwallayen dabino 24

Yau bayan La'asar na zauna da ɗan yayata a gidansu a Mabera, muna fama da aikin gida: 24 a raba wa 6. Na rubuta, na sake rubutawa, yaro sai kallon takarda yake, hawaye sun ciko idonsa. Can na hango ƙwallayen dabinon da muka ci a faranti. Na ƙirgo 24, na jera murafun kwalba 6 a kan tabarma, na ce ya raba musu daidai. Ya durƙusa yana sakawa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Bai kai minti ɗaya ba ya ɗago kai ya ce, "Kawu, huɗu-huɗu ne!"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Wata nawa ana ce masa daƙiƙi, alhali shi sai hannunsa ya taɓa abu yake ganewa. Ƙanwarsa kuwa da kunne take ɗauka, a maimaita mata sau biyu kamar karatun allo ta riƙe. Ni da kaina na sha yi masa tsawa a kan lissafi, kuma ban taɓa tambayarsa yadda yake so a nuna masa ba.