Daga Asuba Zuwa Azahar

Ina noman rani a yankin Kura da ruwan madatsar Tiga, kuma duk lokacin dashen shinkafa nakan ɗauki 'yan ƙwadago. Akwai shekarar da muka shirya da su a kan lokaci irin na ma'aikatan gwamnati: a kama aiki ƙarfe 8 na safe, a tashi 4 na yamma, a biya kuɗin wuni.

Ni ma ina cikin taɓon tare da su, don haka ba labari aka ba ni ba. Daga safe zuwa hantsi hannu gudu yake yi, layi ya miƙe, kowane tushe ya zauna daram. Da rana ta take, a watan Maris da zafi kan kai maki 40, sai ruwan fangali ya ɗumame, ƙugu ya riƙe. Bayan azahar mutum yana sunkuye dai, amma dashen ya canza: a cusa iri da yawa a rami ɗaya, wani kuma a ɗora shi sama-sama, da an sako ruwa ya taso yana yawo. Bayan mako biyu kana iya nuna fangalin safe da na yamma daga kan kunya, saboda giɓi. Ba ha'inci ba ne, na san mutanen nan. Jiki ne ya ba da abin da yake da shi.

Awa takwas ɗin nan daga masana'antun Turawa ta fito, inda ake wuni awa 12 ko fiye a gaban inji. A kanta ma'aikatan Chicago a Amurka suka yi yajin aikin 1886, wanda ake tunawa kowace 1 ga Mayu, sannan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa ta a yarjejeniyarta ta farko a 1919. Iyaka aka yi wa mai gida don kada ya tatse mutum. Ba wanda ya auna ta da mai dashe a ranar bazara.

Iyayenmu kuwa da ƙarfin jiki suka auna nasu. A gandu ana fita da sassafe, a kawo fura da hantsi, a tashi da azahar, yamma kuma ta gayaunar kowa ce.

Can na koma. Yanzu da an idar da sallar asuba muke shiga, mu fita kafin azahar, kuma kuɗin wuni nake biya ban rage ko sisi ba. Wani dattijo cikinsu ya ce mini, "Alhaji, ai yanzu ka bar mu mu ga gonakinmu." Jinga ma na jarraba, amma a dashe takan sa gaggawa, sai na bar ta ga yanka da bugu. Faɗin da ake dasawa a rana ya ɗan ragu, kuɗin da nake kashewa wajen cike giɓi kuwa ya kusa ɓacewa.