Maganin zafin ƙafa da yoyon fitsarin Inna

Duk mai tsoho da ciwon suga a gida ya san kukan zafin ƙafa. Innarmu ta daɗe tana fama: da dare tafin ƙafarta ya yi ta zogi kamar an barbaɗa barkono, ko mayafi ba ta son ya taɓa yatsunta. Likita ya ce sugan ne ya taɓa jijiyoyi, ya rubuta mata pregabalin mai miligiram 75, safe da dare. An fi saninsa da Lyrica, sunan da kamfanin Pfizer ya fito da shi a 2004. Ba zan ci amanar maganin ba, ya yi aiki, Inna ta samu barci.

Bayan an ƙara mata yawansa ne ta sauya. Ta daina zuwa Islamiyyar matan aure ta nan Mabera, biki ko suna sai dai a kai gaisuwarta. Kullum igiyar shanya cike da zannuwanta, kuma da hannunta take wankewa, ga jikoki gida fal. Yayarmu ba za ta taɓa jin komai daga bakinta ba, ɗiyar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kira. Ni auta na tsare ta a ɗaka.

"Inna, mi as same ku?"

Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Hitsari na, ɗiyata. Ba ni iya riƙe shi. Da na tashi salla sai in ji ya zubo."

A ganinta tsufa ne, ba abin kai wa likita ba. Dabarar da ta yi ita ta fi tayar mini da hankali: ta rage shan ruwa. A Sakkwato, cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mai suga tana wuni da kofi ɗaya ko biyu! Wannan ƙoda yake wahalarwa, kuma fitsarin da ya yi kauri ya fi takura mafitsara.

Da muka koma asibiti, likitan bai ɗora wa maganin laifi kai tsaye ba. Ya auna suga, don in ya hau shi kansa yana sa yawan fitsari, kuma yana lalata jijiyoyin mafitsara yadda yake lalata na ƙafa. Ya sa aka gwada fitsarin ko akwai ƙwayar cuta, aka duba ƙoda. Sannan ya buɗe takardar nan ta cikin kwali da kowa ke yarwa, ga rashin riƙe fitsari a jerin illolin da ba su cika faruwa ba. Pregabalin da ɗan'uwansa gabapentin ta ƙoda suke fita, in ƙodar tsoho ta yi rauni sai su taru a jiki. Ga barci mai nauyi da jiri, kafin tsohuwa ta farka ta lalubi buta, aikin gama ya gama. Likitan ya rage mata maganin a hankali, ya ja kunnenmu kada a yanke shi rana ɗaya, don yana jawo rashin barci, zufa da tashin zuciya. Yoyon ya ragu ƙwarai, zafin ƙafar ya ɗan dawo, Inna ta ce ta yarda da wannan ciniki.

Masu shan amitriptyline, wani maganin da shi ma ake bayarwa don zafin jijiya, nasu kuma akasin haka ne: baki ya bushe, fitsari ya riƙe, musamman dattijo mai kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Mafitsara ta cika ta riƙa ɗiga, a zaci yoyo ne. Wanda mararsa ta kumbura fitsari ya ƙi fita, asibiti nan take, ba shagon magani ba.

Maganar salla ce ta fi ci mata rai. Malamarsu ta zo har gida ta karanto mata Risala: mai yoyon fitsari ana so ya yi alwala a kowace salla, ba a ce ya bar salla ko ya guji mutane ba. Ranar Asabar ta koma makaranta da ƙunzugu da zane na canji a jaka.