Neman muryar algaita a cikin kwamfuta

Yau tun da hantsi na buɗe ɗakin kiɗa, domin ranar Alhamis za a zo karɓar waƙar bikin da aka ba ni aikinta, kuma har jiya da dare ba ta sami sautin da zai ja gaba ba. Kalangu ya zauna, ganga ta zauna, muryar mawaƙiyar ma mun ɗauke ta tun makon jiya. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙa amsa mata tsakanin baiti da baiti. Uwar amarya ta faɗi bukatarta ba kwana-kwana: tana son abin da zai tuna wa mutane algaitar ƙofar fada, saboda gidansu gidan sarauta ne.

Ranar Asabar na riga na gwada, kuma yadda abin ya ƙare ya daɗe yana damuna. Na zauna kusan awa uku a gaban FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, hannun dama a kan linzami ina danna kibiyar da ke kai mutum ga sauti na gaba, hannun hagu yana taɓa maɓalli ɗaya na fiyano. Kafin in kai sauti na ɗari kunnena ya gaji, komai ya koma iri ɗaya. Can na dace da wani da ya kwanta mini a rai, ina cikin juya shi sai wuta ta ɗauke, ban adana ba, ban kuma rubuta sunansa ba. Da ta dawo na neme shi sama da ƙasa ban same shi ba.

Saboda haka yau ban taɓa jerin sautuka ba sai da na fara kaɗa amshin da kansa, gajeren layi wanda bai wuce daƙiƙa goma ba, na ɗauke shi a matsayin MIDI, na sa shi ya riƙa maimaita kansa tare da kalangu da muryar mawaƙiyar. Amfanin MIDI, wanda aka fitar tun 1983, shi ne ba sauti yake ajiyewa ba, umarni ne kawai: wane maɓalli aka taɓa, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Don haka layin yana nan yadda na kaɗa shi, ni kuwa ina canza masa murya yana cikin tafiya. Nan take na gane abin da ya ɓatar da ni ranar Asabar. Sautin da ke da daɗi idan an ji shi shi kaɗai sau da yawa yakan cika wuri idan ya shiga waƙa, ya danne mai rera ta, alhali wani siriri da mutum zai raina shi ne yake samun gurbinsa tsakanin ganga da murya.

Akwai kuma yaudarar ƙarfi. Kunne yakan fifita abin da ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba, kuma masu shirya waɗannan sautuka ba sa daidaita ƙarfinsu. Duk wanda zan saurara sai na fara ja masa ƙara ta yi daidai da ta na baya ina duban ma'auni, sannan in yanke masa hukunci.

Da tsohon fiyanona na Yamaha muka fara, wanda ke haɗe da kwamfuta ta waya. Yana bin tsarin General MIDI na 1991, mai sautuka 128, kowanne da lambarsa. Babu algaita a ciki, amma akwai danginta: obo, wata busar Turawa, a lamba 69, da shanai ta Indiya a lamba 112, wadda ita ma busa ce mai kaifi da ke fita kamar ta hanci. Na ce wa ƙanena, wanda yake koyon aikin a wurina, ya aika lamba 112 daga kwamfutar. Sai muka ji wani abu yana ƙyal-ƙyal.

“Yaya, wannan ai ƙararrawa ce,” in ji shi, yana dubana kamar ya yi laifi.

Na ce masa ba laifinsa ba ne. Takardar fiyano tana ƙirga daga 1 zuwa 128, saƙon da ke bin waya kuwa daga 0 zuwa 127 yake ƙirgawa, don haka a inda ake shigar da lambar saƙon kai tsaye sai an rage ɗaya. Ya sa 111, shanai ta fito. Na ga ya ciro ƴar takarda daga aljihu ya rubuta, abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Shanai ta kusa, amma ba ta da jiki. Mai algaita yana kumbura kumatu ya riƙe numfashi, busar ba ta yankewa, tana zamewa daga wannan murya zuwa waccan. Ta fiyano kuwa tana tsinkewa duk lokacin da yatsa ya tashi. Dole in nemo abin da zan shimfiɗa a ƙarƙashinta. Na leƙa Dexed, manhajar kyauta da ke kwaikwayon fiyanon Yamaha DX7 na 1983, amma ban daɗe ba. Sautukanta suna zuwa 32 a kowane rukuni, sunayensu ba sa wuce harafi goma, kuma mafi yawansu ba sa gaya wa mutum komai sai ya saurara. Mai aikin da ake jira ba ya da wannan lokacin. Na koma Surge XT, ita ma kyauta ce, inda aka kasa sautuka gida-gida, na shiga gidan masu jan gaba kaɗai na bar sauran. Na sa wa kaina doka cewa kowane sauti zagaye ɗaya zai samu. Idan bai ja hankalina ba in wuce, idan ya ja in sa masa alama in wuce duk da haka, ba gyara, ba tsayawa. Kafin kiran sallar azahar ina da guda bakwai.

Bayan salla, da kunne ya huta, bakwan suka koma uku. Kowanne na sa shi ya riƙa fitar da murya ɗaya tak a lokaci guda, na ƙara masa ƴar zamiya tsakanin muryoyi, na ɗora shanai a kansa. Sannan na tura su cikin wayar ƙanena muka fita tsakar gida muka saurara, domin a nan Maraɗi yawancin waɗanda za su ji waƙar nan a waya za su ji ta, ko a lasifikar biki da aka ƙure wa ƙara. Ɗaya daga cikin ukun, wanda na fi so a cikin ɗaki, ya ɓace gaba ɗaya a waya, saboda duk nauyinsa a ƙasa yake inda ƙaramar lasifika ba ta kaiwa.

Bayan la'asar uwar amarya ta iso. Na kunna mata biyun da suka rage ba tare da na nuna wanda na fi so ba. Ta saurari na farko shiru. Da na biyu ya shigo bayan baitin da ake ambaton kakanninta, sai ta ɗaga hannu.

“Malam, tsaya nan. Wannan ita ce.”

“To, Hajiya, ita za mu bari,” na ce.

Bayan ta tafi na adana sautin sau biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi. Na buɗe sabuwar folda na sa wa sautin suna “algaitar fada mai zamiya”, ɗayan kuma “algaita siririya”, sauran biyar ɗin ma na ba kowanne suna da Hausa gwargwadon yadda kunnena ya ji shi. Na bar wa ƙanena aikin gobe da safe: ya bi gidan sautukan busa da irin wannan layin mai maimaita kansa, ya ware mini duk abin da ya yi kama da sarewa, ni kuma in shiga daidaita muryoyin waƙar.