Daga 'Yankaba zuwa Gujungu da jarida a hannu

Ranar Lahadi da sassafe na shiga mota a tashar 'Yankaba zan je kasuwar Gujungu awon gero, ina riƙe da Aminiya ta Juma'ar da ta gabata. A cikin birnin Kano na saba ganin ma'aikata suna tsayawa a teburin mai jarida su karanta kanun labarai, su leƙa tallar bankuna da makarantu, sannan idan albashi ya shigo su nufi Singa ko Sabon Gari su haɗa cefanen wata guda.

Da muka wuce Gezawa, wani malamin makaranta da zai sauka a Ringim ya ari jaridar. Ya ce shi yanzu a waya yake karatunta, kuma da zarar ya ga labarin ƙarin kuɗin fetur sai ya yi maza ya sayi shinkafa da man girki kafin masu shago su ƙara nasu.

A Gujungu kuwa na zaga rumfuna har azahar ban ga mai sayar da jarida ba, sai dai tsohuwar da mai ƙosai take yagowa tana ƙunshe wa mutane, mai ya jiƙe rubutun sharkaf. Amma duk wanda ya kira wannan duhun kai bai zauna da mutanen ba. Dattijon da ya auna mini gero, da rediyonsa rataye a kafaɗa, ya san yadda hatsi ya kwana a Dawanau da yadda shanu suka yi a Maigatari ranar Alhamis, ta waya da bakin direbobi. Ba ya sayen komai sai ya sayar, sa'an nan ya ratsa kasuwa ya sayi manja, gishiri da sabulun da za su kai iyalinsa wata Lahadin.

Ya dubi hannuna ya ce, "Ɗana, sun faɗi nawa buhun taki a ciki?" Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya na ce, "Baba, ban gani ba." Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ake jarida da harshensa, kuma farashin taki da hatsi ne labarin da zai sa ya cire kuɗi ya saya. Duk da haka ya roƙi in bar masa ita, jikarsa 'yar aji shida ta karanta masa bayan isha'i, ya ninke ta biyu ya danne da kwanon awo.