Ayarin Asuba da Wanda Ke Tafe a Baya

Duk ranar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, nakan tsaya a gefen filin da muke haɗuwa ina ƙirga fitilun kekuna yayin da suke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙirga aikina ne yanzu, domin ni aka ɗora wa riƙe bayan ayari, kuma mai riƙe baya dole ne ya san mutum nawa aka fita da su kafin ya iya cewa an dawo cif. A makon jiya na ƙirga mutum 58. Lokacin da muka soma mu bakwai ne, ba mu da suna, ba mu da shugaba, ba mu da riga iri ɗaya, abin da ya haɗa mu kawai shi ne kowannenmu ya gaji da bin doguwar kwalta shi kaɗai.

Wanda bai taɓa shiga ayarin kekuna ba yakan ɗauka cewa son hira ne ke tara mu, alhali iska ce ta fara tara mu. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya kai kilomita 30 a awa ɗaya, mafi yawan ƙarfin da mutum ke zubawa a feda yana ƙarewa ne wajen keta iskar da ke gabansa. Turjiyar iskar kuma ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan aka ninka gudu sau biyu takan ninku sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma ya ninku sau takwas. Amma wanda ya laɓe a bayan abokinsa, tayarsa ta gaba tana dab da tayar bayan wancan, yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala. Shi ya sa ake karɓa-karɓa. Na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya zame gefe, ya sulale zuwa baya ya huta, na bayansa ya karɓa, kuma ta haka mutum bakwai masu matsakaicin ƙarfi kan cinye tafiyar da babu ɗayansu da zai iya yi shi kaɗai cikin wannan lokaci.

Wani dattijo a cikinmu, wanda duk muke kira Baba, shi ya koya mana wannan tsari, kuma ban manta ranar da ya gyara mini tafiya ba. Layi ya zo kaina, jikina da ƙarfi, sai na taka feda na ƙara gudu har na buɗe tazara tsakanina da sauran. Da na koma baya ya matso kusa da ni, ya ce, “Ɗana, ba kai kaɗai kake tafiya ba. Idan ka ja, ka ja da ƙafar wanda ya fi kowa gajiya.” Na ce, “To Baba, na ji.” Daga baya na gane cewa aikin na gaba ya wuce tare iska. Waɗanda ke bayansa ba sa ganin hanya, bayan abokinsu kawai suke gani, don haka shi ne zai nuna rami da hannu, shi zai ɗaga murya idan akwai yashi ko tsakuwa a kwana, kuma kowane mutum zai miƙa saƙon ga na bayansa har ya kai ƙarshen layi. Hausawa sun ce na gaba idon na baya ne, kuma ban san inda wannan magana ta fi zama gaskiya ba kamar a kan keke.

Irin wannan haɗuwa ta girmi keken da muke hawa. An kafa ƙungiyar masu yawon keke ta Ingila, wadda a yau ake kira Cycling UK, tun a 1878, shekara bakwai kafin John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a 1885, mai sarƙa da ke juya tayar baya, wanda daga gare shi kekunan yau suka samo siffarsu, kuma shekara goma kafin John Boyd Dunlop ya ƙera taya mai iska a 1888. A Amurka ma masu keke sun haɗa kansu a 1880, kuma suna cikin waɗanda suka fara matsa wa hukumomi lamba a gyara hanyoyi tun motoci ba su cika titi ba. Ina kawo wannan ne domin nakan ji wasu suna kallon ƙungiyar keke a matsayin sabon yayi, alhali kusan tun ranar da mutum biyu suka mallaki keke suka fara neman juna.

Mun daɗe muna ƙaruwa sannu a hankali, wannan ya kawo ƙaninsa, wancan ya kawo abokin aikinsa, har shekarar 2020 ta zo. Annobar korona ta sa an rufe wuraren motsa jiki, mutane suka koma kan keke a ko’ina cikin duniya, har kekuna da kayan gyaransu suka yi ƙaranci a kasuwa. Da aka sassauta dokoki sai muka wayi gari da sababbin fuskoki fiye da yadda muka taɓa gani, cikinsu da ɗalibai, da ’yan fansho, da mata waɗanda suka ce sun daɗe suna son fita amma ba sa jin daɗin bin babbar hanya su kaɗai. Wani rukunin matasa kuma ya shigo bayan 2024, lokacin da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a gasar tseren keke ta Tour de France ya kuma tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. Na yi murna da zuwansu duka, har yanzu kuma ina murna, amma gaskiya ita ce ba mu shirya musu ba.

Mutum bakwai ba sa bukatar doka, domin kowa ya san numfashin kowa. Na san wanda ke sassautawa a hawa, na san wanda ke tsoron gangara, na san wanda zai taɓa birki ba tare da ya faɗa ba. Mutum arba’in kuwa baƙin juna ne da ke gudu tazarar taku ɗaya tsakaninsu. Faɗuwarmu ta farko mai muni ta zo ne ta hanyar da kowane tsohon mahayi ya sani: wani sabon shiga ya bar tayarsa ta gaba ta shige gefen tayar bayan na gabansa, na gaban ya kauce wa rami, tayoyin suka gogi juna. A irin wannan yanayi na baya ne ke faɗuwa, domin tayar gaba ita ke riƙe da daidaiton keke. Mutum huɗu suka zube, ɗaya ya karya ƙashin wuya, hular kwanon wani ta tsage gida biyu. Ban ɗora laifin a kan yaron ba a lokacin, kuma ba zan ɗora masa yanzu ba, tunda mu ne muka saka shi tsakiyar layi ba tare da wani ya zauna ya koya masa abin da Baba ya koya mana ba.

Akwai kuma wani sauyi da ya fi wannan wuyar gani. Manhajar Strava, wadda ta fito tun 2009, tana yanka hanya gunduwa-gunduwa tana jera sunayen waɗanda suka fi sauri a kowane yanki. Ina amfani da ita, kuma tana da amfani ga mai son ya ga ci gabansa. Sai dai a cikin ayari ta zama dalilin da zai sa mutum uku su ɓalle da gudu a gindin kowane tudu, layi ya tsinke, waɗanda ke laɓe su tsinci kansu tsirara a gaban iska. Tare da wannan sai maganar kaya ta yi yawa a filin haɗuwa, wane ya sayi firam na kabon, wato gangar keke marar nauyi, wane ya sauya giya. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, sai ga mu, da ba gasa muke yi ba, muna auna kekunanmu da wannan ma’auni. Na lura cewa masu tsofaffin kekunan ƙarfe sun fara tsayawa can gefe, daga baya wasunsu suka daina zuwa ba tare da sun ce komai ba.

Abin da ya farkar da mu ya faru ne wata Asabar da muka dawo muka watse, kowa yana jin daɗin gudun da aka yi. Sai da rana ta take muka samu labarin cewa wata baiwar Allah, wadda fitarta ta uku ke nan tare da mu, tayarta ta yi faci a wuri mai nisa daga gari. Ta kira, ba wanda ya ji. Ba ta da famfo, ba ta taɓa cire taya ba, ta tura kekenta da ƙafa fiye da awa ɗaya kafin ta samu taimako. Babu wanda ya yi nufin barinta, amma kowa ya ɗauka wani na tare da ita, kuma babu wanda ya ƙirga. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Na je na ba ta haƙuri da kaina, na ce, “’Yar’uwa, mun yi miki laifi.” Ta ce ba komai, amma ta ƙara da cewa ta ɗauka ko haka al’amarin yake, wanda ya gaza sai a wuce shi. Wannan magana ta fi yi mini ciwo fiye da a ce ta yi faɗa.

A taron da muka yi bayan haka an yi gardama sosai. Masu sauri suka ce su ma suna da haƙƙi, sun fito ne su motsa jiki, kuma ba adalci ba ne a ɗaure su da tafiyar sabon shiga har abada. Suna da gaskiya, kuma na faɗi haka a wurin. A ƙarshe muka raba ayarin gida uku bisa gudu, muka ƙayyade yawan mutanen kowane rukuni domin direbobi su iya wuce mu cikin sauƙi, muka sa wa kowane rukuni jagaba a gaba da mai riƙe baya. Muka kuma amince cewa babu mai fita ba hular kwano, babu mai shiga rukunin sauri sai ya yi makonni a na koyo, kuma a rukuni biyu na baya ana jiran kowa a saman kowane tudu.

Rabuwar ta gyara abubuwa da yawa, amma ta ci mana wani abu, kuma ba na son in ɓoye shi. Akwai mutanen da muke ƙungiya ɗaya da su yau waɗanda ban taɓa tafiya gefensu ba. Domin rage wannan ne muka ware Asabar ta farko a kowane wata, inda duk rukunonin ke bin hanya ɗaya da gudun na koyo, masu ƙarfi kuma su rarrabu cikin sauran su tare musu iska. Wasu daga cikinsu ba sa zuwa ranar. Waɗanda ke zuwa kuwa, su nake ganin za su riƙe ƙungiyar nan gaba.

Zumunci a ƙafa yake, mu kuma ƙafarmu a kan feda take. Na lura cewa tafiya gefe da gefe, ido na kan hanya ba a kan fuskar juna ba, tana buɗe bakin mutum ta yadda zama fuska da fuska ba ya yi. A kan keke wani ya gaya mini ya rasa aikinsa tun kafin ya iya gaya wa iyalinsa, a kan keke kuma wani ya ji labarin ya haɗa shi da inda aka ɗauke shi. Facin taya, wanda a da nake gani a matsayin ɓata lokaci, ya zama makarantarmu: mutum biyar sun kewaye keke ɗaya, ana nuna wa mai shi yadda zai bi cikin tayar da yatsa ya nemo ƙayar kafin ya sa sabon tub, kuma ba a karɓe aikin daga hannunsa sai ya gama da kansa. Muna da akwatin da kowa ke zuba abin da ya daina amfani da shi, sirdi, feda, fitila, tsohuwar riga, sabon shiga ya ɗauki abin da yake bukata ba tare da an rubuta sunansa ba. Wanda ya karya ƙashin wuyansa bai yi mako ɗaya ba tare da wani daga cikinmu ya leƙa shi ba, kuma ranar da ya dawo rukunin sauri gaba ɗaya suka sauko suka yi tafiyarsa.

A gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, ana yi wa wanda ya zo na ƙarshe laƙabi da jar fitila, daga fitilar da ake ratayawa a taragon ƙarshe na jirgin ƙasa domin a tabbatar babu taragon da ya kwance a hanya. Da na karɓi riƙe baya sai na sayi fitilar baya mai haske sosai, kuma jagaba ya san cewa idan ya waiwaya daga saman tudu ya hango ta, kowa ya iso. Aikin ya rage mini gudu, amma ya sa na san sunan kowane sabon shiga da abin da ya kawo shi, domin makonninsu na farko a gefena suke yi. Baba ya daina dogon zango saboda gwiwa, yanzu yakan raka mu kilomita goma ya juya. Baiwar Allah da muka bari a hanya kuwa ta dawo bayan wata biyu, ta koyi faci, ta koyi jan layi, kuma daga Asabar mai zuwa ita za ta riƙe bayan rukuni na biyu, ni in ci gaba da na koyo. Na riga na ba ta takardar ƙirga, na kuma nuna mata wurin da nake tsayawa a filin, inda ake iya ganin duk hanyoyin shigowa.