Waƙar dakwara: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon rubutacciyar waƙa, ga inda na tsaya. Ina karatun aikin gona a Wad Madani, a nan Sudan, kafin yaƙi ya watsa azuzuwa, yanzu ina gida Mai Wurno, kuma waƙar da ke hannuna a kan dakwara take, itacen da ke ba da ƙaro.

Ƙwar biyu na zaɓa, wato baiti mai ɗango (layi) biyu, da babban amsa-amon "ta", wato gaɓar da kowane baiti ke ƙarewa da ita. A ajami nake rubutawa, don wasali mai tsawo yana fitowa fili, gaɓa mai nauyi ba ta ɓoye mini kamar yadda take yi a boko. Duk ɗangon da na gama sai na rera wa inna. Inda numfashina ya sarƙe, nan take ɗaga kai, ni kuma na san karin ya karye. Ga baitin da ya zauna:

Dakwara 'yar jigawa, mai haƙuri,
Ana tsaga ki, ke kuwa sai kyauta.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne tsarin baitoci, kuma darasin aji ne ya warware mini shi. Manoman yankin Kurdufan na Sudan sun daɗe da wata dabara: idan gona ta gaji sai a bar wa dakwara. Bayan shekara 4 ko 5 a fara tsagar ɓawonta, a ƙarshen damina lokacin da ganye ya soma zuba. Makonni kaɗan ƙaro ya taru ya daskare, a tsince, a kai kasuwar birnin Al-Ubayyid. Duk tsawon shekarun nan saiwarta na riƙe yashi, tana kuma mayar wa ƙasa ƙarfi. In ta tsufa a sare, a shuka gero da riɗi da gyaɗa, sannan a sake barin wurin. Haka na jera waƙar: tsiro, tsaga, ƙaro, sara, gero, sake tsiro. Fari irin na 1984 da saran gawayi su ne ke tsinka wannan zagaye, to a nan na sa ɗangogin suka gajarce da gangan.

Ra'ayina, kuma na tsaya a kai: waƙar muhalli da ta cika "mu daina sare itatuwa" ba ta kama zuciya. Matar da ke hura gawayi yau don iskar gas ta yi wuyar samu ba wa'azi take jira daga gare ni ba. Gara in nuna hannun mai tsaga, yadda yake ɗaye ɓawo siriri ba tare da ya taɓa naman itacen ba, don yana so ya dawo baɗi.

Saura baitocin sara. Kalmomin da ke ƙarewa da "ta" sun fara yi mini ƙaranci, kuma ba na son cusa na Larabci don cike gurbi kawai. Wanda ya taɓa kai ƙwar biyu mai tsawo a kan amsa-amo ɗaya, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.