Asabar ɗin da kiɗan Quake ya cinye min

Yau dai ban tsinana komai ba sai zama gaban laptop, tun bayan karin safe har aka kira la'asar, duk a kan kiɗan gem ɗin da ya girmi ƙanina. Quake nake nufi, na 1996, wanda muke bugawa a kwamfutar Kawu muna yara, mu huɗu kan kujera ɗaya ana rigimar wa zai riƙe maus. Satin da ya wuce na tsinci faifan a cikin kwalin takardunsa, asalin faifan ne ba kwafi ba, da ɗan ƙarce-ƙarce a bayansa. Laptop ɗina kuma ba ta da wajen sa faifai, sai da na aro irin na USB ɗin nan wajen abokina, ya ce lallai in dawo masa da shi gobe.

Jiya da daddare na riga na kwashe faifan zuwa fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai a cikin fayil guda, na sa a DOSBox, manhajar da ke kunna tsoffin gem na DOS a kwamfutocin yanzu, gem ya tashi lafiya lau. Bindiga na ƙara, dodanni na gurnani, ƙofofi na buɗewa da ƙugi, amma wani abu ya ɓata. Na daɗe ina yawo a matakin farko kafin na gane kiɗan ne babu. Wanda ya san Quake ya san kiɗansa ba na rawa ba ne, wani irin amo ne a ƙasa-ƙasa mai sa tsigar jiki tashi, idan babu shi sai ka ji kamar kana zagaya kangon gida da rana tsaka.

To da safe na fara da inda kowa zai fara, wato katin sauti. Na buɗe fayil ɗin saitin DOSBox na duba sbtype, sb16 ne, adireshi 220, irq 7, komai daidai. Na canza zuwa sbpro2, ba kiɗa. Na mayar. Na taɓa cycles, na ƙara prebuffer, na rage, kusan awa biyu ina wannan aikin banzan, kuma da na tsaya na yi tunani da tun farko zan gane cewa tunda ƙarar bindiga na fita ai katin sautin ba shi da laifi. Har na gwada kwafe fayilolin cikin folda na haɗa ta a matsayin faifai, DOSBox ya ce min ya haɗa amma tallafin taƙaitacce ne, kiɗa dai shiru.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batir saura kaɗan, na rufe na fita tsakar gida. Yaya na wanke motarsa, ya ga faifan a hannuna ya ce "kai har yanzu ba ka girma ba?" Na faɗa masa matsalar, sai ya yi dariya ya ce ai shi ya tuna lokacin da suke sa wannan faifan a rediyon Kawu mai CD su tsorata mu da daddare. Na ce Yaya faifan gem a rediyo? Ya ce kawo ka gani. Ya tura shi cikin na motarsa, lamba 1 ba ta ba da komai ba, ya danna gaba, lamba 2 na hawa sai ga kiɗan ya cika motar. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe. Allon ya nuna layuka 11, ɗaya na bayanan gem, goma na sauti zalla, kusan awa guda.

Nan ne kaina ya buɗe. Kiɗan ba ya cikin fayilolin gem ɗin kwata-kwata. Faifan iri biyu ne a haɗe, layin farko bayanai, sauran kuma sauti ne irin na faifan waƙa na yau da kullum, tsarin da Philips da Sony suka fitar a 1980. A kwamfutocin da, gem ɗin cewa kawai yake yi wa na'urar CD ta kunna lamba kaza, ita ce ke kunnawa da kanta, sautin ya bi ta wata siririyar waya zuwa katin sauti. Shi ya sa ma na'urorin lokacin suke da ramin iyafis da ɗan abin murɗa ƙara a gabansu, ni da ina ɗauka ado ne. Shi kuma ISO layin bayanai kawai yake ɗauka, sauran goman ya bar su a faifai. Da na lura da girman fayil ɗin ma da na zargi wani abu, don sautin CD minti ɗaya yana cin wajen MB 10, kiɗan awa guda ba zai ɓuya a ƙaramin fayil ba.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe biyu. Na wanke faifan da ruwa na goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, sannan na sake kwashewa da manhajar ImgBurn, wannan karon ya ba ni fayil biyu, BIN ƙato da CUE ɗan mitsitsi. Shi CUE ɗin rubutu ne kawai, na buɗe shi a Notepad na ga TRACK 01 MODE1/2352, ƙasa da shi TRACK 02 AUDIO har zuwa 11, kowanne da minti da daƙiƙar da ya fara. Kamar taswira ce da ke gaya wa DOSBox inda kowane kiɗa yake a cikin ƙaton fayil ɗin.

Sai na sake jawo wa kaina. Sunan da fayilolin suka fito da shi bai min ba, na canza su zuwa quake.bin da quake.cue don in ji daɗin rubutawa. Na rubuta imgmount d c:\gem\quake.cue -t iso, ya ce ba zai iya lodawa ba. Sau uku ina sake rubutawa ina zargin yatsuna. Ashe layin farko na cikin CUE ɗin har yanzu tsohon sunan BIN yake kira, yana neman fayil ɗin da babu shi. Na gyara sunan tsakanin alamomin zancen, na adana, ya hau nan take. Abin dariya kuma ko CUE ka ba shi sai ka rubuta -t iso a ƙarshe, wannan ma ya ɗan rikita ni.

Na shiga gem, na danna maɓallin da ke ƙasan Esc allon umarni ya sauko, na rubuta cd info, ya lissafo layukan faifan duka. Na rubuta cd play 2. Kai jama'a! Sai da Umma ta leƙo ta ce wane irin ƙara ne wannan kamar injin niƙa ya lalace. Da gaskiyarta, ya yi ƙarfi har yana danne harbin bindiga, sai na fita na rubuta mixer cdaudio 50:50, ya daidaita. Na kwafe layukan mount da imgmount da mixer ɗin na zuba a ƙarƙashin [autoexec], sashen fayil ɗin saitin da DOSBox ke aiwatarwa da kansa idan ya tashi, don kar in riƙa rubutawa kullum.

Lamba 7 tana ɗan tsalle a tsakiya, ina ji ƙarcen nan ne bai karantu da kyau ba, zan sake kwashewa a hankali da daddare kafin in mayar wa mutumin da na'urarsa. Akwai kuma faifan Warcraft II a cikin kwalin, shi ma zan kai motar Yaya in ji ko da kiɗa a ciki. Bayan duk wannan wahalar minti ashirin kawai na buga, aka kashe ni sau huɗu a mataki na biyu, hannun ya manta komai.